Gudunmawar Bakteriyar Ƙasa Masu Amfani Wajen Noman Tumatir Mai Ɗorewa

Manomin rani a Kadawa ta jihar Kano, kamar takwarorinsa a sauran fadamun Arewa, yana fama da tsadar takin zamani da gajiyar ƙasar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu. Wannan ya sa masana aikin gona suka mayar da hankali ga wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wato bakteriya masu zama a jikin saiwar shuka da ƙasar da ke manne da ita. Tun a shekarar 1904 masanin Jamus Lorenz Hiltner ya nuna cewa wannan ɗan yanki ya fi sauran ƙasa yawan rayuwa, domin saiwa tana zubo sukari da wasu sinadarai da ƙwayoyin ke ci.

Tumatir ba ya cikin dangin wake da gyaɗa, don haka ba ya yin ƙulle-ƙullen saiwa masu tara naitirojin. Amfaninsa yana zuwa ne daga bakteriya masu zaman kansu. Azotobacter, wadda Martinus Beijerinck ya gano a 1901, tana kamo naitirojin daga iska ta mayar da shi abincin shuka. Wasu nau'o'in Bacillus da Pseudomonas suna fitar da sinadarai masu tsami da ke narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa, har saiwa ta iya tsotsarsa. Da yawa daga cikinsu kuma suna samar da sinadarin oksin, wanda ke ƙara wa saiwa rassa, ta kai ga ruwa da abinci mai nisa.

Akwai kuma batun kariya. Pseudomonas fluorescens tana ƙwace sinadarin ƙarfe daga ƙasa, ta bar fangas ɗin Fusarium mai sa tumatir yaushi cikin ƙarancinsa. Bacillus subtilis tana lulluɓe saiwa, tana fitar da gubar da ke dakushe masu cuta. Ita kuwa Bacillus thuringiensis, wadda asalinta ƙasa ne, ana fesa ta a ganye domin kashe tsutsar Tuta absoluta, wadda ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016.

Ana haɗa waɗannan ƙwayoyi da iri kafin shuka, ko a tsoma saiwar dashe cikin ruwansu kafin a kai gona. Sai dai abu ne mai rai. Zafin rana yana kashe yawancinsu idan aka ajiye su a fili, ko da yake Bacillus ta fi juriya saboda tana iya ƙulle kanta cikin ɓawo. Ƙasar da babu takin gargajiya a cikinta ba ta da abin ciyar da su, kuma magungunan feshi masu jan ƙarfe suna hallaka su tare da masu cuta.

Saboda haka, waɗannan bakteriya suna rage buƙatar takin zamani ne, ba sa maye gurbinsa gaba ɗaya. Manomin da ya zuba ruɓaɓɓen kashin dabbobi, ya daidaita ban ruwa, ya riƙa sauya tumatir da masara ko albasa, shi ne zai fi cin moriyarsu.