Sandar da ke hana mota kwanciya a kwana

Direban da ya tashi daga Maitumbi ya nufi Gwada ko Shiroro ya san yadda mota cike da fasinja da buhuna ke rinjaya gefe guda idan ta shiga kwana. Abin da ke rage wannan rinjaye shi ne wata lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe a ƙarƙashin mota, wadda makanikai ke kira sitabilaiza. Ita ke haɗa ƙafar dama da ta hagu. Idan gefe ɗaya ya danne, sai ta murɗe ta ja shi ya daidaita.

Motoci masu ja da ƙafafun gaba, irin su Golf da Corolla, sukan so zarcewa a kwana. Sa sanda mai kauri a baya yana gyara hakan, kuma ƙari kaɗan ya isa: daga milimita 16 zuwa 19, taurinta ya kusan ninkawa.

Amma idan taurin ya wuce kima, bayan mota na iya zamewa, musamman da damina, kuma duk ramin da aka faɗa sai fasinja ya ji shi a ƙugu. Shi ya sa kafin a sa mai kauri, makaniki na gari yake fara duba robobin da ke riƙe da sandar, domin sau da yawa su ne suka cinye.