Hoton Hasashe da Ginin Zahiri: Nazarin Dogon Benen Titin Fenchurch a Landan

Gabatarwa

Duk mai bin manyan titunan Abuja ko Kano ya saba ganin alluna a bakin filayen da aka killace da kwano, ɗauke da hoton ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Irin wannan hoto shi ne wannan maƙala ta kira hoton hasashe. An guji kiran sa taswira domin aikinsu ya bambanta: taswirar gini ta magini ce, tana ɗauke da awo da lissafi, shi kuwa hoton hasashe da kwamfuta ake haɗa shi domin idon mai saye da na hukumar da za ta ba da izini. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage ganin kansa yana buƙatar bincike. Misalin da aka ɗauka shi ne benen da ke lamba 20 a titin Fenchurch na birnin Landan.

Ginin da Alƙawarinsa

Rafael Viñoly, haifaffen ƙasar Yurugwai, shi ya tsara ginin, aka kuma kammala shi a 2014. Tsawonsa mita 160 ne, ko da yake da farko kusan mita 200 aka nufa, sai aka rage saboda gudun kada ya ɓata yadda ake hango Majami'ar Saint Paul da tsohuwar fadar Hasumiyar Landan. Siffarsa ta saɓa wa al'ada: ƙasansa a tsuke, samansa a buɗe, abin da ya sa mazauna birnin suka laƙaba masa suna Walkie-Talkie, wato oba-oba. Dalilin siffar na kasuwa ne, domin hawan sama ya fi na ƙasa tsadar haya.

Ginin ya ware daga gungun dogayen benaye na unguwar hada-hadar kuɗi, ya tsaya shi kaɗai ta wajen Kogin Thames. Babbar hujjar da ta taimaka aka amince da shi a wannan wuri ita ce alƙawarin lambu a ƙololuwarsa, wanda jama'a za su shiga kyauta. Hotunan hasashe sun nuna manyan bishiyoyi a ƙarƙashin rufin gilas mai kama da babu shi.

Da aka buɗe lambun a Janairun 2015, sai aka tarar da tudu biyu na gajerun tsirrai a gefe da gefe, gidajen abinci kuma sun mamaye tsakiya. Ƙarafa masu kauri sun gitta rufin, har masu sharhi suka kamanta wurin da zauren jira na filin jirgin sama. Shiga kyauta ce kamar yadda aka faɗa, sai dai a lokacin sai mutum ya nemi gurbi tun kafin ranar. A cikin shekarar ce maganar ta koma gaban hukumar tsara birni, bisa ƙorafin cewa lambun bai dace da hotunan da aka gabatar lokacin neman izini ba.

Ba lallai ne a kira wannan yaudara tsagwaronta ba. Bishiya a kwamfuta ba ta da nauyi, ba ta da saiwa. Ta zahiri kuwa tana buƙatar ƙasa mai zurfi, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma nauyi gare ta, wanda dole ginshiƙai su ɗauka tun daga hawa na 35 har ƙasa. Haka ma rufi mai faɗi a irin wannan tsayi, sai da ƙarfe mai kauri zai jure iska. Laifin hoton shi ne ya yi shiru a kan waɗannan sharuɗɗa, alhali a kansa aka gina amincewar jama'a.

Abin da Hoto Ba Ya Ɗauka

Aibin da ya fi yi wa ginin suna bai shafi kama ko rashin kama da hoto ba. Fuskarsa ta kudu gilas ce mai lanƙwasa ciki, kamar farantin satilayit. Yadda faranti ke tattara saƙo zuwa wuri guda, haka wannan fuska ta riƙa tattara hasken rana tana zuba shi a titin Eastcheap na kimanin awa biyu a yini. A 2013, tun ginin bai kammala ba, zafin ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye a titin, wani ɗan jarida kuma ya soya ƙwai a wurin. Viñoly ya bayyana cewa tsarinsa na farko yana da 'yan rumfuna masu tare rana, amma aka cire su kafin a yi ginin. Abin mamakin shi ne wani otal da ya tsara a Las Vegas ta Amurka, mai suna Vdara, ya riga ya gamu da irin wannan matsala a 2010. A ƙarshe sai da aka laƙa wa fuskar abin tare rana na dindindin.

Lanƙwasar tana nan ƙarara a hotunan hasashe, ba a ɓoye ta ba. Sai dai mai haɗa hoto yakan zaɓi haske mai laushi na hantsi ko na la'asar sakaliya, ya mai da gilas garai-garai ana hango cikinsa, alhali gilas da rana tsaka madubi ne. Yakan kuma tsaya daga nesa, ko daga sama inda tsuntsu kaɗai ke gani. Mai tafiya a ƙasa kuwa gini ne ya rusuno a kansa, ga kuma iskar da ke bugun bango ta gangaro titi da ƙarfi, wadda maƙwabtan ginin suka yi ta kuka da ita.

Ya kamata a yi adalci a nan: Landan tana da wani nau'in hoto da ake gabatar wa hukuma, wanda ake ɗauka daga wurin da aka auna daidai sannan a ɗora ginin a kai bisa lissafi. Wannan yakan faɗi gaskiyar tsayi da faɗi. Zafi da iska kuwa ba aikinsa ba ne, sai gwaji na daban.

Akwai inda zahiri ya kusanci hasashe. Tagwayen benayen Bosco Verticale na birnin Milan a Italiya, waɗanda Stefano Boeri ya tsara aka kuma kammala su a 2014, suna ɗauke da ɗaruruwan bishiyoyi a barandunsu. An reni bishiyoyin tun kafin a ɗora su, an gwada juriyarsu ga iska, an kuma sa nauyinsu cikin lissafin kankare tun daga farko.

Shi kuwa benen Fenchurch, mujallar Building Design ta ba shi kyautar sabon gini mafi muni a Birtaniya a 2015. A 2017 kamfanin Lee Kum Kee na Hong Kong ya saye shi a kan kusan fam biliyan 1.3, farashin da ba a taɓa biya wa gini guda a ƙasar ba kafin lokacin.