Kafaɗar wuƙa: Wurin da ake gane gwanin maƙeri a ƙasar Baure

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, maƙeran Baure da Babban Mutum da sauran garuruwan ƙasar Daura ba sa samun hutu. Magidanta na neman wuƙar layya, mahauta na neman ta fiɗa. Mai saye yakan gwada kaifi a farce, ya juya ƙota a hannu, ya biya kuɗi ya tafi. Amma wurin da zai nuna ko wuƙar za ta yi ƙarko, ba kowa ke duba shi ba.

Wurin shi ne kafaɗa, wato inda faɗin wuƙa ya ƙare, ƙarfen ya tsuke ya zama wutsiyar da ke shiga cikin ƙota. Idan kafaɗun biyu ba su yi daidai da juna ba, ƙota ba za ta zauna da kyau ba. Za a bar ɗan gibi, jini da ruwa su riƙa shiga, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki, ƙotar ta fara rawa. Wuƙar da ta karye a nan ana tsakiyar yanka tana iya raunata mai yankan, ta kuma wahalar da dabbar da addini ya yi umarni a sauƙaƙa mata.

Alaƙar Daura da wuƙa tsohuwa ce. Labarin Bayajidda ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita. Kayan aikin maƙeran baƙi har yau su ne zuga-zugi da gawayi da uwar maƙera da masaba da awartaki. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen. A da ana narka tama, yanzu kuwa tsohon sifirin mota ake sarawa. Irin wannan ƙarfe yakan ƙunshi sinadarin kabon kimanin kashi 0.6 cikin 100, abin da ke sa ya yi tauri idan aka gasa shi aka tsoma a ruwa ko mai.

Daga nan matsalar take farawa. Ana gasa wuƙa har ta yi ja, ta kai zafin kusan digiri 800 a ma'aunin Selshiyos. Tun daga digiri 770 ƙarfe ke daina kama maganaɗisu, shi ya sa wasu ke amfani da shi wajen gwaji. Da an tsoma ta, sai ta yi taurin da ya kusa na magagari. Wanda ya ɗauko magagari yana son gyara kafaɗa a lokacin, sai ya ji yana zamewa a kai kamar a kan kwalba.

Saboda haka gwanaye kan daidaita kafaɗa tun ƙarfe yana da laushi, kafin a tsoma. Wasu kuma bakin wuƙar kaɗai suke tsomawa, su bar kafaɗa da wutsiya su huce a hankali. Haka kaifi zai yi tauri, gindi kuma ya iya jure lanƙwasa.

Idan kuwa an riga an taurara ta duka, akwai hanyoyi biyu. Ta farko, a nutsa bakin wuƙar a ruwa, ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗumama kafaɗa da wutsiya har launinsu ya koma shuɗi, wato kusan digiri 300. Wannan kan rage taurin wurin har magagari mai kyau ya fara ci. Ta biyu, a yi amfani da dutsen wasa wuƙa ko injin wasa ƙarfe, ana yi ana sanyayawa da ruwa. Idan zafi ya gudu ya kai kaifi har ya yi shuɗi, wurin ya yi laushi ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi kamar da ba.

Masu ƙera wuƙa don nishaɗi a Amurka da Turai na fama da wannan matsala. Sukan ɗaure wuƙa tsakanin wasu ƙarafa biyu masu tsananin tauri, su goge abin da ya fito har ya yi daidai da fuskar ƙarafan, wani lokaci da magagari mai garin lu'ulu'u. Maƙerin Baure zai iya yin irin wannan maƙali da guntayen tsohon magagari biyu da kusoshi masu zare.

Akwai kuma kuskuren da sababbin hannu ke yawan yi, wato su sare lungun kafaɗa ya yi tsini sosai don ya yi kyan gani. A irin wannan lungu nauyi ke taruwa, daga nan tsaga ke farawa. Fuskar kafaɗa ce ake so ta miƙe, lungun kuwa a bar masa ɗan zagaye.

Wuƙaƙen kamfani masu sheƙi sun cika kasuwanni, daga Daura har Mai'aduwa, kuma da ƙarko ne maƙerin gida zai riƙe masu sayensa. Shi ma mai saye yana da abin yi. Ya ɗaga wuƙar ya duba ko haske na ratsawa tsakanin ƙarfe da ƙota, ya girgiza ta ya ji ko tana motsi. Idan ya ga gibi, ko an cike shi da danƙo ko narkakkiyar roba, gara ya ajiye ta ya ɗauki wata.