Kisra, Bussa da Tambayar Sarkin Musulmi

Yau muna bakin tafkin Kainji, daga Yelwan Yauri zuwa Ngaski da Wara. A ƙarƙashin ruwan nan tsohuwar Bussa take kwance tun 1968, shekarar da aka kammala dam. Bussa, ku riƙe sunan.

Sarakunan Bussa sun ce su jikokin Kisra ne. To, wane ne Kisra? Labarin kaka da kakanni na ƙasar Bargu ya ce wani sarki ne can gabas, aka kira shi zuwa Musulunci ya ƙi, ya kwashi jama'arsa ya yo yamma, har zuriyarsa suka kafa Illo da Bussa da Nikki. Malamanmu da jin sunan sai su tuna sarkin Farisa da ya yayyaga wasiƙar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Da Turawa suka zo, wasunsu suka kafe cewa Kirista ne, wai ya riga 'yan mishan isowa da ɗaruruwan shekaru. Kowa da Kisran da ransa ke so. Shi kuwa na Farisa Bamajuse ne, ba ruwansa da masallaci ko coci.

Tunda an ambaci masallaci da coci, ina addinan suka rabu? Yahudu da Nasara da Musulmi duk suna jingina da Annabi Ibrahim. A kan Annabi Isa aka rabu. Yahudawa ba su karɓe shi a matsayin Almasihu ba. Kirista sun ce Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi. Musulmi sun ce bawan Allah ne, Manzo ne, kuma bai mutu a gicciye ba. Ba taron sulhun da zai mai da ukun nan ɗaya, kada mu yaudari juna.

Amma ku ji wannan. Bature Clapperton ya bi ta Bussa a 1826, zai koma Sakkwato. A zuwansa Sakkwato na farko, a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi: a cikin Kirista, su Nasɗurawa ne ko Sosiniyawa? Bature ya daburce! Ya ce su dai Furotestan ake ce musu, ya kuma yarda bai da zurfi a irin wannan ilimi. Bello ya san rabe-raben addinin baƙonsa, bai kuma hana shi masauki ba.

Lokaci na neman ƙure mana. A yau dai, cikin Kambari da Gungawa na bakin tafkin nan, gida ɗaya kan haɗa mai zuwa Juma'a da mai zuwa coci da mai riƙe da al'adar kakanni, kuma gardamarsu ta fi tashi wajen aure da yanka da jana'iza. Wanda ya san yadda ake warware ta a garinsu, ya aiko mana. A huta lafiya.