Farfesan da lissafinsa ke bayyana yadda ƙyanda ke cinye gari

Uwargida, kin taɓa lura da halin ƙyanda? Sai a yi makonni ana jin yaro ɗaya a wannan unguwa, ɗaya a waccan, kwatsam a wayi gari ɗakin yara a asibiti ya cika. Lissafin wani malami ɗan ƙasar Hungari, Farfesa Alfréd Rényi, yana bayyana dalilin, ko da yake shi ba likita ba ne.

An haife shi a Budapest a 1921, ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 48. Fanninsa shi ne lissafin yiwuwa, wato auna yadda abu zai iya faruwa. A 1959 da 1960, shi da abokinsa Paul Erdős suka yi nazarin abin da ke faruwa idan ana haɗa abubuwa biyu-biyu ba tare da tsari ba.

Ki ɗauka gidaje dubu ne a Daura, kina ƙulla zare tsakanin gida da gida a kan ka. Da farko ƙananan gungu za ki gani, ba ruwan wani da wani. Amma da zarar zaren ya wuce ɗari biyar, sai wani ƙaton gungu ya ɓullo, ya dinga haɗiye sauran. Sauyin ba a hankali yake zuwa ba, yana da iyakar da ake tsallakawa.

Zarenmu kuwa shi ne biki, suna, makarantar Islamiyya, kasuwar Mai'adua, da baƙin da ke cika gari da Sallar Gani. Ba wanda zai ce a yanke zumunci, ni ma ba na fashin biki. Sai dai idan kowane mai ciwo yana harbar fiye da mutum ɗaya, annoba ta samu hanya, mai ƙyanda kuwa yana iya harbar 12 zuwa 18 a inda ba rigakafi.

Yaron da aka yi wa allura, zare ya zo kansa ya tsinke. Shi ya sa ake son kashi 95 cikin 100 na yara su samu, don a kare jariran da ba su isa ba. Ana yin ta farko a wata tara, ta biyu a wata 15. Ta biyun ce na ga iyaye sun fi mantawa, don haka ki duba katin ɗanki yau.