Baƙon Da Ya Gyara Kiɗan Abijan

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To amma wata raɓar takan jiƙa gona har a ci amfaninta.

Duk wanda ya san kasuwar Ajame a zamanin kaset ya ji muryar Aïcha Koné tana tashi daga rumfuna. Kaɗan ne suka san cewa cikin masu tsara mata kiɗa har da wani baƙo, Boncana Maïga, mutumin Gao ta ƙasar Mali.

A shekarun 1960 gwamnatin Mali ta tura shi Kiyuba koyon kiɗa, inda ya ƙware wajen busa sarewa, suka kafa ƙungiyar Las Maravillas de Mali. A shekarun 1970 ya sauka Abijan, ya koyar a makarantar fasaha ta ƙasa, ya kuma shugabanci makaɗan gidan rediyo da talabijin na RTI. Shi ya yi kiɗan fim ɗin Bal Poussière, ya kuma tsara faifan Alpha Blondy mai suna Masada na 1992.

Amurka ma ta ga irin haka. Irving Berlin, haifaffen daular Rasha, ya isa New York a 1893 yana ɗan shekara 5, kuma shi ya rubuta God Bless America.

Saboda haka 'yan uwa, in an kira ɗanka baƙo a makaranta, kada ya sunkuyar da kai. Ba shi labarin Boncana, ka kuma tsaya masa ya ƙware a kan abin da ya iya. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.