Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Linux Ya Sa Wa Kwamfutarsa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne wani abu da ya same ni a babban hutun da ya wuce, wanda ba na son ya sami waninku. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yayana yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana kuwa da wata tsohuwar kwamfutar cinya wadda ta yi nauyi ƙwarai, har in ya kunna ta sai ya dafa shayi ya sha ba ta gama tashi ba. Ni kuma a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu na ga yadda malaminmu ya farfaɗo da waɗansu tsofaffin kwamfutoci da wani abu wai shi Linux. Sai na bugi ƙirji na ce, "Yaya, ba ni ita, yau zan mayar maka da ita sabuwa." Na sa mata Linux, ta kuwa tashi garau. Amma da ya nemi babi uku na aikin bincikensa, sai aka tarar babu ko ɗaya, domin na share rumbun ajiyar gaba ɗaya ban sani ba. Babi biyu ya same su cikin saƙon da ya taɓa aika wa malaminsa. Na ukun kuwa ni na zauna kwana shida ina sake buga shi daga rubutun hannu. Tun daga ran nan na yi ta tambaya da karatu har na gane inda na yi kuskure, shi ne nake so in bayyana muku.

Da farko, mene ne Linux? Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda shugaban makaranta ke tafiyar da azuzuwa da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, ita kuwa ta kuɗi ce. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya fara wani shiri da ake kira GNU, don a samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, da gyara ta, da ba wani. A shekarar 1991 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana ɗan shekara 21, ya rubuta ƙwayar da ta rage, watau sashen da ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Da aka haɗa aikin nan biyu sai aka sami abin da muke kira Linux. Ba baƙo ba ne a gidajenmu, gama wayoyin Android da iyayenmu ke riƙe da su a kan ƙwayar Linux aka gina su.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne Linux iri-iri ne, har sun kai ɗaruruwa. Misalinsa kamar gero ne. Geron ɗaya ne, amma wata ta dama fura, wata ta yi kunu, wata ta tuƙa tuwo. Haka kamfanoni da ƙungiyoyi ke ɗaukar ƙwayar nan su haɗa ta da manhajoji dabam-dabam, kowa ya sa wa nasa suna. Debian yana cikin tsofaffi, Ian Murdock ya kafa shi a 1993, an san shi da ƙarko. A 2004 wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu daga jikin Debian, sunan kuwa daga harsunan Zulu da Kosa yake, ma'anarsa mutuntaka. A 2006 aka fito da Linux Mint daga jikin Ubuntu, shi ne ya fi kama da Windows a ido. Akwai Fedora, mai fitowa wajen sau biyu a shekara da sababbin abubuwa. Akwai kuma Arch, wanda mutum ke harhaɗawa da hannunsa ta hanyar rubuta umurni. Wannan na gwanaye ne, wanda bai iya rarrafe ba kada ya ce zai yi gudu.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya ɗauki Linux Mint ko Ubuntu. Dalili kuwa, sa su ba wuya, kuma masu amfani da su suna da yawa, duk matsalar da ta same ka wani ya riga ka gamuwa da ita, an kuma rubuta maganinta.

Bayan zaɓen iri sai zaɓen fitowa, a nan ma mutane da yawa ke tuntuɓe. Lambar Ubuntu tana faɗin shekara da wata: 24.04 na nufin watan huɗu na shekarar 2024. Kowane wata shida ana fito da sabuwa, a Afrilu da Oktoba, amma yawancinsu wata tara kaɗai ake kula da su. Sai dai duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu na shekara mai cika, kamar 2022 da 2024, ana fito da wadda ake liƙa wa haruffa LTS, watau mai dogon tallafi. Ita shekara biyar ake yi ana aiko mata da gyare-gyare kyauta. Linux Mint a kan irin wannan ake gina shi, shi ya sa Mint 22, wanda ya fito a 2024, za a kula da shi har 2029. Saboda haka a nemi mai dogon tallafi mafi sabunta. Ɗalibin da ke makarantar kwana wata uku bai ga kwamfutarsa ba, ba shi da lokacin canza manhaja kowane hutu.

Abu na gaba shi ne a auna ƙarfin kwamfutar, kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi. A shiga saitunan Windows, wurin bayanin na'ura, a duba girman ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, da girman rumbun ajiya. Masu Linux Mint sun ce yana tashi da RAM mai GB 2 da fili GB 20, amma GB 4 ya fi daɗin aiki. Ubuntu 24.04 yana son GB 4 da fili GB 25. Mint yana da fuska uku: Cinnamon, da MATE, da Xfce. Cinnamon ta fi ado, Xfce ta fi sauƙi, ita ta dace da tsohuwar kwamfuta. A kuma duba ko kwamfutar mai lamba 64 ce ko 32, domin Mint da Ubuntu na yanzu ba su hawa mai 32. Galibin waɗanda aka ƙera daga 2010 zuwa yau masu 64 ne.

To, ga yadda ake sa shi, bi da bi.

Na ɗaya, kuma mafi girma, a kwashe duk abin da ke cikin kwamfutar, takardu da hotuna da sauransu, a zuba a wani wuri dabam. Bayan an kwashe a buɗe su a can a tabbata sun tafi lafiya. In kwamfutar ta wani ce, a sa shi ya duba da idonsa. Da na yi wannan da ban sha wahalar kwana shida ba, amma da na sani ƙeya ce.

Na biyu, a sauko da fayil ɗin da ake kira ISO daga shafin masu shi na ainihi. Na Mint ya kusa GB 3, na Ubuntu 24.04 kuwa wajen GB 6, don haka a tanadi data, ko a karɓa wurin malami amintacce. A shafin akwai wata doguwar lamba, SHA256, wadda ake gwada fayil da ita a ga ko ya sauko daidai. Kada a raina wannan. A watan Fabrairu na 2016 ɓarayin intanet sun kutsa shafin Linux Mint, suka karkatar da mutane zuwa wani gurɓataccen fayil, kafin a gane a toshe.

Na uku, a sami filash mai GB 8 ko fiye, wanda babu abin so a cikinsa, gama duk za a share. A rubuta fayil ɗin a kansa da wata ƙaramar manhaja, Rufus ko balenaEtcher. Kwafewa kawai kamar yadda ake kwafe waƙa ba ta yi.

Na huɗu, a kashe kwamfutar, a soka filash, a kunna, nan da nan a yi ta danna maɓallin da ke kawo jerin wuraren tashi. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. A zaɓi filash ɗin. Linux zai tashi daga cikinsa ba tare da ya taɓa rumbun kwamfutar ba. Wannan dama ce babba, domin ba a cinikin biri a sama. A gwada intanet, da sauti, da kyamara, da na'urar buga takarda in akwai. In wani abu ya ƙi, a cire filash, kwamfuta ta koma yadda take.

Na biyar, in an gamsu, a tabbata batir ya cika kuma waya tana jone, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya ɓata rumbu. Sa'an nan a danna alamar sawa. Zai tambayi harshe, da irin allon bugu, da ko ana son kayan kunna waƙa da bidiyo, sai a amsa.

Na shida shi ne ramin da na faɗa. Allo zai kawo zaɓi uku. Ɗaya ya ce a sa Linux kusa da Windows, su zauna tare, duk lokacin da aka kunna a zaɓi wanda ake so. Na biyu ya ce a share rumbu duka a ba Linux shi kaɗai. Na uku na masu yanka rumbu da hannunsu ne. Ni ban tsaya na karanta ba na danna na biyu. Sabon shiga ya ɗauki na farko, ya ba Linux fili kamar GB 50 in rumbun ya isa. Amma tun kafin a fara, a shiga Windows a kashe saurin tashi, in kuma an kulle rumbun da BitLocker a buɗe shi, a rubuta lambar cetonsa a takarda a adana.

Na bakwai, a zaɓi lokacin ƙasa, mu nan Nijeriya Legas za mu nuna a taswira. A rubuta suna da kalmar sirri. Kada a manta da ita, domin Linux zai riƙa neman ta duk sa'ad da za a sa wata manhaja ko a canza wani babban abu, wannan kuwa yana cikin abin da ke tsare shi. Ni dai sawar ba ta kai rabin awa ba. In ya gama sai a cire filash a sake kunnawa, a karɓi gyare-gyaren da ke jira, a kuma kunna Timeshift, mai ajiye hoton tsarin don a koma baya in wani abu ya ɓaci.

Mint yana zuwa da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice na rubutu da lissafi, sauran kuwa akwai rumbun manhajoji da ake ɗauka kyauta. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne a jerin allunan bugu akwai na Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ, ba sai mutum ya rubuta kasa yana nufin ƙasa ba.

Amma ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Microsoft Office, da Photoshop, da CorelDRAW ba su da na Linux. LibreOffice yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Waɗansu manhajojin gwajin jarrabawa ma don Windows kaɗai aka yi su. Duk wanda abincinsa ya rataya ga irin waɗannan, ya bar Windows ɗinsa a gefe guda.

Iyayenmu, ga roƙona gare ku. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kada a jefar da su a lungu, kada kuma a sa musu manhajar sata wadda ba a san abin da ke cikinta ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kan kwamfuta, amma har yanzu akwai waɗanda hannunsu ke rawa in sun riƙe linzami. Tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin gado tana iya zama allon koyo ga yaran gida duka, ba a kashe ko sisi ba sai kuɗin data da filash.

'Yan'uwana kuma, duk wanda ke son gani da ido ya zo ƙungiyar kwamfuta, mu gwada tare a kan filash kafin ya taɓa ta gida. Matambayi ba ya ɓata. Yayana dai ya yafe mini, har yanzu da Mint ɗin yake aiki, amma ya ce ba zan ƙara taɓa masa kwamfuta ba sai yana tsaye a kaina. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.